Burodin Da Na Miƙa Wa Jummai

Ni dai ban taɓa lissafa kaina cikin masu hassada ba. In ana zagin masu baƙin ciki da ni ake yi, har in fi kowa ɗaga murya. Sai da na shekara tara a New York, wata Asabar da hantsi, a kan teburin wani gidan abinci na mutanen Kuba, sannan na ga abin da ke cikina ƙiri-ƙiri. Amma bari in biyo hanyar yadda na biyo ta, don ba a teburin nan abin ya tsiro ba.

Sunana Binta, 'yar Tudun Wadan Zariya. Zangona na farko Jamaica ne, unguwar nan ta Queens da ke kusa da filin jirgi. Na sauka da bizar ziyara, da akwati ɗaya, da hoton 'yata Nana da na bar wa Inna tana da shekara huɗu, bayan rasuwar babanta. Na ce wa Inna shekara biyu zan yi in dawo. Wallahi har cikin zuciyata shekara biyun nake nufi.

Wata mata 'yar garinmu ce ta sauke ni a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da take haya. Tagar ɗakin daidai take da takalman masu wucewa, don haka wata uku na yi ban san fuskar Amurka ba sai ƙafafunta. Ita ce ta haɗa ni da wani mutum mai kwat da jakar fata, wai lauya ne, wai shi ke fitar wa 'yan Afirka takardun zama. Hausa a bakinsa kamar a Fagge aka haife shi, "ƙanwata" yake ce min, kuma ba ya ƙare magana bai ambaci Allah ba. Na damƙa masa fasfona da duk abin da na zo da shi. Bayan wata biyar na je ofishin na tarar ana sayar da wayoyi a ciki. Fasfon dai ya dawo min ta gidan waya, amma bizar ta riga ta mutu. Daga ranar na shiga sahun mutanen da in suka sa ƙafa suka bar ƙasar nan, to ba su ba dawowa. Matar da ta haɗa mu ta rantse ita ma ba ta san haka yake ba. Wataƙila gaskiya ta faɗa, amma a satin nan ta sayi sabuwar talabijin.

Na tattara na koma Harlem na kama kitso a shagon wata 'yar Nijar. In ba kai a gabanki, sai ki fita bakin tashar jirgin ƙasa ki tsaya cikin sanyi kina kiran matan da ke wucewa, wasu su harare ki, wasu su yi kamar iska ce ta yi magana. Yatsuna suka kumbura, bayana ya sage. Amma na samu ɗaki nawa na kaina a hawa na biyar, gidan da ba na'urar hawa, kuma ga masallaci kusa, ga shagon da ake samun kuka da daddawa. Na ce to, alhamdulillahi, a haka ma an ci gaba.

A masallacin nan na tsinci Jummai. Wata Juma'a bayan an idar, mata sun watse, sai na ga yarinya zaune a lungu ta rungume akwati tana kuka ba sauti. 'Yar Funtuwa ce, ta zo karatun aikin jinya, waɗanda suka yi mata alkawarin masauki kuma sun daina ɗaukar wayarta tun tana filin jirgi.

Na ce, "Ke, share hawayenki. Garin nan ba ya jin kuka. Tashi mu tafi."

Ta ɗago ta dube ni. "Ina za mu, Yaya?"

"Hawa na biyar. In kin iya kai akwatin nan sama, kin samu gida."

Shekara huɗu muka yi a ɗakin nan, gado ɗaya, tire ɗaya. Ni na nuna mata jirgin da ke tsayawa a kowace tasha da wanda ke tsallake wasu. Ni na hana ta gaishe da duk wanda ta haɗa ido da shi a hanya. Ni na koya mata juya kwalin abinci ta karanta bayansa, don a ƙasar nan har cikin alawar yara sai ki tarar da alade. Sai dai wannan darasin bai taɓa zama a kanta ba, don ta san ina nan. Jummai akwai saurin hannu. Ta dawo daga makaranta da yunwa, kafin ta cire takalmi hannunta na cikin tire, ko tambayar me aka dafa ba ta yi. Har alfahari take yi a gaban mutane: "Ni in Yaya Binta ta miƙo min abu, ido rufe nake ci." Ina tuƙa tuwon semo tana haddace sunayen ƙasusuwa da ƙarfi, har ni ma na iya wasu. Ni ce uwarta, ni ce yayarta, kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Da yatsuna suka gaza, sai na koma kula da tsofaffi. Wannan ne ya kai ni St. George, can Staten Island, kullum da safe in shiga jirgin ruwa in tsallaka, da yamma in dawo. Tsohuwar da nake kula da ita sunanta Mama Rosa, 'yar Kuba ce, ta baro ƙasarsu tana budurwa ba ta sake komawa ba. Hankalinta zuwa yake yana tafiya. Wata rana ta ɗauke ni ƙanwarta, wata rana ɓarauniya.

A satina na farko, ranar Lahadi, ɗanta ya kawo wani dogon burodi irin nasu, da ɗuminsa, ya ajiye a tebur ya ce in ci. Ban karya ba ranar. Na yago na kai baki kenan, sai na ji cokali a bayan hannuna, ƙwal! Tsohuwar nan ce. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata yau kuma rowa ce ta motsa. Sai ta nuna mayafina, ta nuna burodin, ta murɗe hanci ta yi gurnani irin na alade. Ɗan ya dafe kai ya ce wallahi ya manta, burodinsu da kitsen alade ake kwaɓa shi, shi ke sa shi laushin nan. Matar da ke manta sunan ɗan da ta haifa, ita ce ta tuna mai mayafi ba ta cin alade. Daga ranar, duk Lahadi sai ta jawo burodin kusa da ita ta ɗora hannu a kai tana hararata, gadina take yi. Ni kuma na ɗauka duk abincinsu haka yake, ban taɓa ɗanɗana komai nasu ba.

Ina can ina tsallaka ruwa safe da yamma, Jummai ta gama karatu. Wani asibiti ya ɗauke ta, ta koma Queens kusa da aiki, gida mai taga da ake ganin sama. Ta sayi mota. Ta kuma yi sabuwar ƙawa, Memuna, 'yar Zangon Kumasi, mai aikin auna kaya a filin jirgi. Mace ce mai fara'a, ba ta taɓa yi min komai ba, kuma wannan ma haushi yake ba ni. Ko me aka ce, "Memuna ta ce." Memuna ta ce wannan man ya fi, Memuna ta san wani waje. Ni da na koya mata shiga jirgin ƙasa, yanzu ni ake yi wa bayanin gari. In sun sa hotonsu a waya sai in buɗe shi da yatsu biyu ina neman aibu, in ce gyalen bai dace da rigar ba, sannan in tura musu "masha Allah".

Ranar da takardunta na zama suka fito, ta kira ni tana ihu. Na rangaɗa mata guɗa a waya har maƙwabcina ya buga bango. Ina ajiye wayar na zauna bakin gado, shinkafa ta ƙone a wuta ina jin ƙaurinta ban tashi ba. Na yi mata murna, Allah ne shaidata. Amma ƙarƙashin murnar akwai wani abu da ke cewa: ni na riga ta zuwa, ni na fi ta shan wuya, ni ke da 'ya. Nana ta kai sha uku. A waya take girma, muryarta na canzawa ina ji. Duk takalmin da na aika sai a ce ya matse ta, don in na tambayi Inna lambar ƙafarta, amsarta ɗaya ce, "Ai ta girma."

To ana nan, sai Jummai ta kira. "Yaya, ranar Asabar ki shirya, za mu fita brunch ni da ke da Memuna."

"Wane ne kuma haka?"

"Abinci ne tsakanin karin kumallo da na rana. Gidan abincin 'yan Kuba ne, Memuna ta ce akwai daɗi."

"A garinmu wannan sunansa an makara da karyawa," na ce. "Kuma mutanen nan komai nasu da alade."

"Haba Yaya, ai tambaya za mu yi. Ki zo don Allah, akwai maganar da nake so mu yi."

Na ɗauko leshina mafi tsada na sa, don kada a raina ni. Jirgi biyu na shiga. Ina isowa da gumi na gan su suna fitowa daga mota, tabarau iri ɗaya, suna dariyar wani abin da ba a yi da ni ba. Wajen cike yake maƙil, kiɗa na tashi, hotunan tsofaffin motoci a bango, mutane na kurɓar wata giya rawaya a siraran kofuna tun azahar ba ta yi ba. Na yi a'uziyya a bayyane don su ji.

Memuna ta rungume ni. "Ei, Hajiya Binta! Leshin nan ya yi kyau paa!"

Na ce, "Tsoho ne."

Wani dattijo mai furfurar gashin baki ne ya zo ɗaukar abin da za mu ci. Jummai ta karɓi ragamar magana da Turancinta na asibiti, tana bin takardar da yatsa, wannan akwai alade? wannan fa? Mutumin kirki ne. Ya ce shinkafar da ake dafawa haɗe da wake kada mu taɓa, akwai shi a ciki. Farar shinkafa lafiya lau. Baƙin waken kuwa ya ce mu dakata, ya shiga kicin da kansa ya dawo ya ce da man zaitun aka yi. Ina zaune ina kallon yarinyar da na koya wa wannan tambayar tana yin ta fiye da ni, ana ce mata madam.

Aka jero abinci. Farar shinkafa, wake baƙi ƙirin mai romo, soyayyar agada da ta nuna har tana naɗewa a cokali, dafaffen rogo da aka kwarara wa tafarnuwa da lemon tsami, kifi a gabana, su kuma wani naman sa da aka yayyaga sili-sili cikin miyar tumatir, kamar dambun naman da bai bushe ba. Na so a ce ba daɗi. Da niyyar kushewa na kai cokalin farko, na ma tanadi abin da zan faɗa. Amma waken nan ya dahu har zuciyarsa, rogon kuwa sai da ya tuna min da na ƙofar makarantarmu. Haushi ya ƙara kama ni, don Memuna ce ta zaɓi wajen.

Memuna ta ce, "Wannan ai waken Zangonmu ne, an canza mishi riga."

Na ce, "Garau-garau ne ya yi boko." Na buɗe jaka na ɗauko ƙullin yajina na barbaɗa, don in nuna musu da sauransa.

Jummai ta tuntsire da dariya ta miƙo farantinta. "Yaya ba kya canzawa. Zuba min."

Na zuba mata. Na ɗan ji sanyi a raina, har na fara tunanin ko ni ce ke sa wa kaina damuwa. Sai Memuna ta buɗe baki, bakinta cike da agada.

"Ci da kyau, Jummai. Sati mai zuwa war haka tuwo kike ci a Funtuwa, ba mai ba ki wannan."

Cokalina ya tsaya a hanya. Jummai ta yi tsuru-tsuru, ta taka ƙafar Memuna a ƙarƙashin tebur, amma tawa ta taka.

"Gida za ki?" na ce.

"Maganar da na ce za mu yi kenan, Yaya."

"Yaushe aka yanki tikiti?"

Memuna, da ba ta san ta yi ɓarna ba, ta ce ai wata biyu kenan, ita ce ma ta samo mata mai sauƙi.

Wata biyu. A wajenmu ba a shelar tafiya, kowa ya sani. Mutum kan ɓoye har sai ya ɗaure kaya, don gudun baki da idon mutane. Ni kaina da zan taho, maƙwabtanmu sai bayan kwana uku suka ji. Amma bare ake ɓoye wa, wanda ake tsoron idonsa. Ashe ni Binta, da na goya yarinyar nan shekara huɗu, an sa ni a layin waɗanda ake tsoron bakinsu, 'yar Kumasi kuma ita ce ta gida. Kuma za ta sauka, ta shaƙi iskar da na shekara tara ban shaƙa ba, motarsu ta ratsa ta Zariya, ta wuce ta bakin unguwarmu. Na yi yaƙe na ce, "Allah ya kai ki lafiya." Ni kaina na ji yadda muryar ta fito.

Daidai nan wata ma'aikaciya, ba dattijon nan ba, ta kawo mana kofi da madara, ta ajiye ɗan kwando a gefena. Burodi ne an yanka shi dogo-dogo, an shafa bota an gasa. Kallo ɗaya na yi masa na gane shi. Na gan shi duk Lahadi shekara uku a ƙarƙashin hannun Mama Rosa. Jummai ta tambayi nama, ta tambayi wake, ta tambayi shinkafa, amma wa zai tambayi burodi? A wajenmu burodi fulawa ce da yis da sukari. Memuna kuwa tana da ciwon sukari, ko kallonsa ba ta yi ba.

Jummai na ta neman abin da za ta yi da hannunta. Ta ce, "Yaya, miƙo min burodin nan."

Ba zan ce shaiɗan ba, don na gaji da ɗora masa kayana. Ban manta ba, ban ruɗe ba. Bayan hannuna har wani ɗan zafi ya yi, daidai inda cokalin ya taɓa sauka. Abin da na ji shi ne: ta san abu wata biyu ta bar ni a duhu, to ni ma yau na san wani abu da ba ta sani ba. Komai nata fari tas, takardu, mota, gida, tafiya. Na so ɗigo ɗaya ya faɗa a kai, ko da ni kaɗai zan san yana nan.

Na ɗauki kwandon na miƙa mata.

Ta ce bismillah ta gatsa. Ta ga na teburin kusa suna tsomawa a kofi, ita ma ta tsoma. "Kai, Yaya, laushi! Ki ɗanɗana." Na ce na ƙoshi. Ta cinye na farko ina kallo, ta ɗauki na biyu. Ba daɗin da na ji, ko kaɗan, amma ban yi magana ba.

Sai ta ajiye kofin ta goge hannu, ta ce, "Yaya, ki bar ni in faɗa yadda na shirya, tunda wannan mai bakin ta ɓata min." Idonta ya kawo ruwa. "Wallahi sau uku ina zuwa Harlem don in faɗa miki, in hau har sama, in ga hoton Nana a bango, in rasa bakin magana. Ta yaya zan ce miki za ni, ke ba ki da halin zuwa? Ba tsoron bakinki nake ba. Kunyarki nake ji."

Ta goge ido ta ci gaba.

"Akwati biyu aka ba ni. Ɗaya naki ne, duk abin da kike so ki cika shi, ban sa ko tsinke a ciki ba. Kuma na yi waya da Inna. Zariya zan fara sauka in kwana biyu kafin in wuce Funtuwa, Babanmu ma ya ce hakan ya dace." Ta buɗe jakarta ta ɗauko ƙwaryar zare fari, sabo. "Kin ga, har wannan na saya. Zan auno miki ƙafarta da tsawonta, yadda ake yi mana da sallah. A daina aika takalmin da ba ya shiga."

Tana gama faɗa ta kai ragowar burodin baki.

Ban san lokacin da na kai wa hannunta duka ba. Burodin ya faɗi cikin miya, na kusa da mu suka waiwayo.

"Da kitsen alade ake yin sa," na ce.

Jummai ta tofar da na bakinta a takardar goge hannu. Memuna ta yafito dattijon, ya zo, ya dubi kwandon, ya dafe ƙirji yana ba da haƙuri, ya ce gaskiya ne, bai san an kawo mana ba. Ya ɗauke da kansa. Jummai ta tashi ta je ta kurkure baki ta dawo, fuskarta jiƙe.

Memuna ta shiga lallashi. "Ba komai, ba laifi a kanki, ba ki sani ba. Allah ma ya sa Hajiya ta tuna."

Ga ƙofa an buɗe min, in bi in fita salin-alin. Da na ce "wallahi sai yanzu ya faɗo min," da magana ta mutu a nan. Amma zaren nan na kan tebur tsakanina da ita. Jummai kuma ta san ni, ta san ko alawa ba na sa wa a baki ban juya bayanta ba, ta kuma ji ni da kunnenta na ce na ƙoshi.

Ta ce a hankali, "Yaya, yaushe kika tuna?"

"Ban manta ba."

"Da kika miƙo min fa?"

"Na sani."

Memuna ta ce "Ei," ta kama bakinta. Kiɗan bai tsaya ba, ana ta dariya a sauran tebura. Na jira Jummai ta zage ni, ko ta yi kuka, ko ta tambaye ni dalili, don in samu in zazzage mata shekara tara a gabanta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta dube ni kawai, irin kallon da ta yi min a masallaci ranar farko, na wadda ba ta san inda take ba. Sannan ta ɗauki zaren ta mayar jaka.

"Jirgin ranar Alhamis ne," ta ce. "Ki haɗa kayan kafin Laraba, zan zo in ɗauka."

Na ce ta yafe min. Ta ce, "Na yafe, Yaya." Da sauri ta faɗa, kamar yadda take sallamar marar lafiya in layi ya yi tsawo.

Ta zo ranar Laraba ta ɗauki akwatin, ba ta zauna ba, wai ta ajiye mota a inda ba a ajiyewa. Ta sauka Zariya kamar yadda ta ce. Suka kira ni ta bidiyo ina cikin jirgin ruwa, na ga Nana ta kwantar da kai a kafaɗarta tana wasa da ɗankunnenta, tana ce mata Anti Jummai, Inna na bayansu tana ta sa mata albarka. Kada in yi muku ƙarya, a nan ma sai da abin ya motsa. Na kife wayar a cinya na yi ta istigfari har muka isa gaɓa.

Bayan sati biyar ta dawo. Wata Lahadi da la'asar na ji takunta a matakala, na san shi ko cikin dubu. Ta shigo da ƙanshin turaren wutan Inna a mayafinta, ta zube min tsaraba, kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yajin da Inna ta daka da hannunta. Sannan ta miƙo min zare biyu. Gajeren na ƙafa ne, na gwada a tafin ƙafata, saura kaɗan ya kai. Dogon kuwa na taka bakinsa da ɗan yatsa na miƙe tsaye na ja shi sama. Ƙullin da ta yi ya tsaya daidai girata. Yarinyar da na bari tana kama gwiwata. Na yi kuka sosai, Jummai ta riƙe ni har na yi shiru, ta ba ni labarin komai, har da yadda Nana ke tafiya irin tawa.

Na ce a raina shi kenan, ya wuce. Na tashi da sauri na juye wake da shinkafar da na dafa mata tun rana a tsohon tirenmu, na zuba mai da sabon yajin, na ajiye a tsakiyar ɗaki. Ta cire takalmi, ta wanke hannu, ta zauna inda ta saba zama, ta ce bismillah.

Ina ta surutu ina neman murfin kwalbar mai, sai na lura tiren yana nan yadda na ajiye shi. Hannunta na kan gwiwarta. Ba fushi a fuskarta, ina jin ita kanta ba ta san tana yi ba. Jira take in fara ci.

Na sa hannu na kai loma baki, na tauna, na haɗiye. Sannan ta sa nata.